Tsohon Kare Mai Ƙafa Uku Da Kansar Ƙashi: Abin Da Jinyarsa Ta Ƙunsa

Karen da nake ba da shaida a kansa babba ne, jinin Rotwaila, shekararsa tara, nauyinsa kilo 40, kuma ƙafarsa ta gaba ta hagu aka yanke. Na fara da waɗannan ne domin kusan duk lissafin jinyar a kansu yake tafiya. Da kilo ake auna magani, da kilo ake auna ruwan sha, wahalar tafiya kuma ta danganta da wace ƙafa ce ta tafi.

Farkon abin ɗingishi ne, irin wanda kowa zai ce targaɗe ne ko tsufa. In an ba shi maganin ciwo sai ya ji dama, in an daina sai ɗingishin ya dawo har ya fi na da. Daga baya wani kumburi mai tauri ya fito a saman wuyan ƙafar, wanda ko taɓa shi ka yi sai ya fizge. Hoton ƙashi ya nuna wurin ya zaizaye daga ciki, aka gutsuro ɗan ƙashin aka kai ɗakin gwaji, sakamako ya tabbatar da kansar da likitoci ke kira ostiyosakoma. Cikin ƙarin da ke farowa daga ƙashin kare, kusan 85 cikin 100 ita ce. Manyan karnuka masu dogayen ƙafafu ta fi kamawa, irin su Rotwaila, Girat Den da Girehawun, yawanci daga shekara bakwai zuwa sama. Tana kuma da wuraren da take so: a ƙafar gaba, kusa da wuyan ƙafa ko kusa da kafaɗa, a ƙafar baya, sama ko ƙasa da gwiwa. Babban kare mai shekaru da ya yi mako biyu yana ɗingishi ba a san dalili ba, hoton ƙashi yake buƙata, ba ƙarin ƙwayoyi ba.

Abin da ya kamata mai kare ya ji da kunnensa tun kafin a sa wuƙa shi ne, yanke ƙafar ciwo yake cirewa, cutar tana nan. A lokacin da aka gano ta, kusan karnuka 9 cikin 10 ƙwayoyinta sun riga sun bi jini sun sauka a huhu, amma sun yi ƙanƙantar da hoto ba ya ganinsu. Shi ya sa in yankewa kaɗai aka yi, rabin karnukan ba sa wuce wata huɗu zuwa biyar. In an haɗa da allurar kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, tsakatsakin yana komawa wata 10 zuwa 12, kuma kamar ɗaya cikin biyar yana kaiwa shekara biyu. To me ya sa ake yankewa? Saboda ciwon ƙashin da kansa ke ci daga ciki yana cikin ciwo mafi tsanani, ƙwaya ba ta iya rufe shi na dogon lokaci, kuma ƙashin kan ruɓe har ya karye wajen saukowa daga matakala ɗaya tak. Irin wannan karaya ba ta ɗoruwa.

Ba kowane kare ake yi wa ba. Kafin tiyata ana ɗaukar hoton ƙirji ta fuska uku, a duba jini don ganin ƙoda da hanta, sannan likitan dabbobi ya bi sauran ƙafafu uku da ƙashin baya da hannu. Amosanin gaɓɓai mai sauƙi ba ya hana aiki, galibin tsofaffin karnuka suna da shi. Abin da ke hanawa shi ne ciwon laka da ya raunana ƙafafun baya, ko ƙibar da ta wuce misali. Irin wannan kare akan rage masa ciwo da na'urar da ke haska wurin ta ƙona ƙarin, da alluran ƙarfafa ƙashi irin su famidironet. Amma yawancin karnukan da ake shakkar ko za su iya, sun daɗe suna tafiya da ƙafa uku kafin tiyatar, suna kuma jan ta huɗu mai ciwo.

A ƙafar gaba duka ake cirewa, har da allon kafaɗa. Masu kare da yawa sukan roƙi a bar ɗan dungu don ganin ido. Ba shi da amfani: nauyi ne kawai, kare yana dogara shi a ƙasa, fatar ta goge ta zama gyambo.

Ranar da za ka ɗauko shi, abin da za ka gani ya fi abin da yake ji muni. An aske gashi daga wuya har tsakiyar ƙirji, ɗinki dogo ne, fatar kewaye da shi ta yi ja, bayan kwana biyu ko uku ta koma shunayya, launin kuma yana gangarowa ƙasan ƙirji da ciki. Jini ne da ya kwanta ƙarƙashin fata yake bin gangara, da kansa yake bajewa. Sau da yawa ruwa yakan taru a ƙasan ɗinkin, ka taɓa ka ji luguɓ-luguɓ, ba zafi, ba ciwo. Wannan ma jiki ne ke shanye shi cikin mako ɗaya zuwa uku, kuma yawan motsi ne ke ƙara shi. Kada ka huda, kada ka matsa. Wanda ake gaggauta komawa asibiti dominsa daban ne: wurin ya yi zafi, ya yi tauri, yana wari, mugunya na fita, bakin ɗinki ya buɗe, ko dasashin kare ya yi fari maimakon ruwan hoda.

A kwana uku na farko ana naɗe ƙanƙara cikin tawul a ɗora gefen ɗinkin minti 10 zuwa 15, sau uku ko huɗu a rana. Ba a ɗora ta kan fata tsirara. Ana sa masa kwalar roba mai siffar mazurari don kada ya lasa, amma a yankan ƙafar gaba ba harshe ne kaɗai abin tsoro ba, ƙafar baya ma tana kaiwa wurin da susa, farce ɗaya kuma ya isa ya warware ɗinki. Riga mai laushi ta auduga, a ɗaure rararta a gadon baya, tana maganin wannan, a canza ta kullum. Ana cire zaren bayan kwana 10 zuwa 14. Kafin nan ba wanka, ba gudu, ba hawa kujera, fita kawai don fitsari da kashi, da igiya a wuya.

Wajen tashi, a zura babban tawul ƙarƙashin cikinsa a riƙe bakinsa biyu daga sama. Aikinka tare shi in zai faɗi, ba ɗaga shi ba. In ka ɗauke masa nauyi gaba ɗaya ba zai koyi inda zai ajiye ƙafar da ta rage ba, alhali dole ya koyi matso da ita tsakiyar ƙirji. Mafi yawansu suna miƙewa cikin kwana ɗaya ko biyu. Fitsari ya kamata ya zo cikin awa 24. Kashi yana iya jinkiri kwana uku har zuwa biyar saboda allurar barci da magungunan ciwo da ƙarancin ci, wannan ba abin tada hankali ba ne in ba ya yunƙuri a banza. Namiji zai gwada ɗaga ƙafa kamar yadda ya saba, ya kife sau ɗaya ko biyu, daga nan ya koma tsugunawa.

Akwai wani lokaci, wajen kwana na uku zuwa na biyar, da kare kan koma baya. Magungunan asibiti masu ƙarfi sun bar jikinsa, tsokokin da ba su saba wannan aiki ba sun yi tsami, sai ka ga ya kwanta ya ƙi abinci yana kallon bango. A nan ne mutane da yawa ke cewa sun cuce shi. Gyaran magani ake buƙata, a kira likita. Wannan karen ma ya yi haka, aka ƙara masa awon gabafentin, ɗaya daga cikin magungunan ciwonsa, ya koma cin abinci.

Maganin ciwo yakan zama iri biyu ko uku a haɗe. Na farko mai rage kumburi, na karnuka: karfurofen, miligiram 4.4 a kowane kilo a rana, ko meloksikam, miligiram 0.1 a kowane kilo sau ɗaya a rana, wato miligiram 4 ga mai kilo 40. Tare da abinci ake bayarwa. Na biyu gabafentin, don ciwon jijiyoyin da aka datse, galibi daga miligiram 10 a kowane kilo, sau biyu ko uku a rana. Yana sa barci da tangaɗi a kwanakin farko, abin lura ga mai ƙafa uku, kuma ba a yanke shi lokaci ɗaya, a hankali ake ragewa. Wani lokaci a ƙara amantadin, shi ma maganin ciwo ne. Awon da likita ya rubuta shi ake bi, domin shi ya ga sakamakon ƙoda. Abin da ke kashe karnuka a gida kuwa sananne ne. Ibufurofen, nafuroksen da diklofenak na mutane suna huda cikin kare, suna lalata ƙoda. Haɗa mai rage kumburi da furednisolon, wani maganin kumburi na daban, yana kawo gyambon ciki. Wasu gabafentin na ruwa da aka yi don mutane suna ɗauke da zailitol, sinadarin sa zaƙi, wanda guba ne ga kare. In ka ga amai, ko kashi ya yi baƙi ƙirin yana danƙo, ka tsayar da mai rage kumburin nan take ka kira likita, jini ne ke zuba a ciki.

Kare ba ya yawan kuka don ciwo. Haki ba tare da zafi ba, rawar jiki, kasa samun kwanciyar da ta yi masa, lashe-lashe, ƙin a taɓa shi, su ne maganarsa. Akwai kuma ihun da kan zo farat ɗaya yana kwance, ya zabura ya waiga inda ƙafar take a da, bayan 'yan daƙiƙoƙi ya lafa. Jijiyar da aka yanke ce ke aika saƙo, gabafentin yana taimakawa, kuma yawanci yana raguwa cikin makonni.

Bayan ɗinki ya warke, hankali ya bar gefen da aka yanke ya koma kan ƙafar da ta rage, domin duk sauran rayuwar a kanta take. Kare yana ɗora kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa a ƙafafun gaba, 40 a na baya. Mai kilo 40, kowace ƙafar gaba kilo 12 take ɗauka. In ɗaya ta tafi, wadda ta rage tana ɗaukar kusan rabin jikin duka, kuma da tsalle take ɗauka, kowane taku sai ta daki ƙasa. Shi ya sa yankan gaba ya fi na baya wuya, wuyan ƙafa da gwiwa da kafaɗa da wuya duk suna shan bugu. Wanda aka yanke wa ta baya, jijiyar da ke ɗaure gwiwar ɗaya ƙafar ce abin tsoro. Ko wanne ne, ba shi da ƙafar ajiya. Ɗingishi a ƙafar da ta rage ba abin da ake jira a ga yadda zai yi gobe ba ne.

Santsi shi ne babban abokin gaba. Tayil da siminti mai sulɓi da katakon da aka goge, duk a shimfiɗa musu darduma mai roba a ƙasa, daga makwanci zuwa ƙofa, zuwa wurin abinci, musamman a kwana da bakin ƙofa inda yake juyawa. Dardumar da ke zamewa ta fi babu haɗari. A riƙa rage farce duk mako biyu ko uku, in kana jin ƙarar farce a ƙasa ya yi tsawo, yana karkatar da yatsu. A aske gashin da ke tsakanin tafin ƙafa. A duba tafin kowace yamma, domin tsaguwa ko ƙaya da ƙafa huɗu za su shanye tana iya kwantar da mai uku. Kwanon abinci da na ruwa a ɗaga su zuwa wajen tsayin gwiwarsa, saboda sunkuyawa a kan ƙafa ɗaya tana sa shi ci da sauri ko ya bar abincin. Katifa mai tauri, marar tudu, wadda zai iya tashi daga kanta. Mai laushi sosai tana nutsar da shi. Gwiwar da yake dogarawa wajen kwanciya takan yi kanta, wani lokaci ta tara ruwa, to a tabbata ba a ƙasa tsirara yake kwana ba.

Saukowa daga bene ya fi hawa haɗari ga mai yankan gaba, mai yankan baya kuma hawa ne ke ba shi wuya. A toshe matakala, a sa gangaren katako mai gurzaƙau wajen shiga mota, kada a bari ya diro. Rigar ɗauka mai mariƙi a gadon baya tana da amfani sosai, sai dai a mai yankan gaba takan juya gefe tunda ba ƙafar da za ta tare ta, don haka a nemi mai ɗamara ta biyu a bayan haƙarƙari.

Wajen yawo akwai abin da ke ruɗa mutane: tafiya a hankali ta fi yi masa wuya. Da ɗan sauri yake samun daidaito, don haka kai za ka bi takunsa, ba shi zai bi naka ba. A fara da minti 5, sau biyu ko uku a rana, a ƙasa mai laushi marar gargada, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. In ya zauna a hanya, an riga an wuce iyaka, gobe a rage. Minti 10 sau uku ya fi minti 30 sau ɗaya. Ba a jefa masa ƙwallo, birki da juyin gaggawa ne ke tsinka jijiya. Shaƙe-shaƙen ƙasa da neman abincin da aka ɓoye suna gajiyar da shi ba tare da sun daki gaɓa ba.

Sai ƙiba, wadda tausayi ke kawowa. Kowa a gida yana miƙa masa loma saboda ba shi da lafiya, motsi kuma ya ragu. Ka shafa gefensa: ya kamata ka ji haƙarƙari cikin sauƙi, ka ga ƙugu ya shiga in ka duba daga sama. A auna abinci da ma'auni, a ɗora shi a sikeli duk mako biyu. Daga baya in cutar ta yi nisa lissafin yakan juya, rama ta zama ita ce damuwar.

Kemo ana fara shi ne wajen lokacin cire zare. Wanda aka fi amfani da shi karbofilatin ne, ta jijiya, duk mako uku, sau huɗu zuwa shida. Da faɗin jiki ake auna shi, miligiram 300 a kowace murabba'in mita, mai kilo 40 yana samun wajen miligiram 350. Wasu likitoci suna amfani da doksorubisin, amma shi yana taɓa zuciya, sai an duba ta tukuna. Awon da ake ba karnuka bai kai na mutane tsanani ba, gashi ba ya zubewa a yawancin jinsuna, waɗanda ake kwantarwa a asibiti saboda illarsa kaɗan ne. Abin da aka saba gani shi ne kasala, ƙin abinci, amai ko zawo daga kwana na biyu zuwa na biyar. A karɓi maganin amai irin marofitant a ajiye tun ranar allura, a ba shi abinci marar maiƙo kaɗan-kaɗan, a lura da ruwa: mililita 50 zuwa 60 a kowane kilo, kimanin lita biyu ke nan a rana. Ba a ba shi ɗanyen nama a wannan lokaci.

Haɗarin da ba a gani da ido shi ne faɗuwar fararen ƙwayoyin jini, wanda da karbofilatin yakan fi tsanani tsakanin mako na biyu da na uku bayan allura. Don haka ake gwada jini kafin kowace allura, in sun yi ƙasa a ɗaga ta da mako guda. Ka mallaki ma'aunin zafi, ka shafa masa mai, ka auna ta dubura. Zafin kare na lafiya digiri 38 ne zuwa 39.2. In ya kai 39.5 kuma kare ya yi laushi, ko da tsakar dare ne a tafi asibiti, domin ba shi da abin yaƙar ƙwayar cuta. Maganin kuma ta fitsari yake fita, saboda haka har tsawon kwana uku bayan allura a sa safar hannu wajen share fitsari, kashi ko amai, a wanke shimfiɗarsa daban, mai ciki da ƙananan yara su nisanci wannan aiki.

Daga nan sai sa ido a kan ƙirji. Hoton huhu duk wata biyu ko uku, a gida kuma ƙidayar numfashi, wadda ba ta buƙatar komai sai agogo. Yana barci, ka ƙirga ɗagawar ƙirji cikin daƙiƙa 30 ka ninka biyu. Ƙasa da 30 a minti shi ne daidai. Ka riƙa rubutawa, domin hawan lambar a hankali ya fi lambar rana ɗaya ba da labari. Tari yakan makara, sau da yawa saurin gajiya da rage ci ne ke riga shi. Cutar tana iya fitowa a wani ƙashin, ko ƙashin baya, ta zo da sabon ɗingishi ko ihu wajen tashi. Wani lokaci kuma ƙafafun duka su kumbura su yi ɗumi da ciwo, alhali tushen abin a huhu yake.

A wannan karen, watannin da suka biyo bayan kemo su ne mafi daɗi: yana cin abinci, yana taryar mutane a ƙofa da tsallensa, yana barci ba nishi. Da hoto ya nuna ƙulle-ƙulle a huhu, bai san an gani ba, ya ci gaba da harkarsa na wani lokaci. Karbofilatin ba ya yin wani tasiri sosai a wannan mataki, jinya takan koma ta sauƙaƙa masa kawai. In ya fara daɗewa a kwance, a juya shi duk awa huɗu, a sa shimfiɗa mai tsotse fitsari, a goge fata a busar, a duba ƙugu da gwiwa don gyambon kwanciya. Abinci a ɗan ɗumama shi don ƙamshi ya tashi, a ba shi da hannu in ya fi so, amma ba ɗura.

Wata likitar kansar dabbobi a Amurka, Alice Villalobos, ta tsara ma'aunin daɗin rayuwar dabba marar lafiya, mai abubuwa bakwai: ciwo da numfashi, ci, sha, tsabta, walwala, motsi, da ko kwanakin daɗi sun fi na wuya yawa. Kowanne ana ba shi maki har 10, jimillar da ta haura 35 tana nuna rayuwar tana da sauran daɗi. Amfaninsa, a ganina, ba a lambar yake ba, a'a yana tilasta wa mai jinya ya rubuta abin da idonsa ya saba da shi har ya daina gani. Sai dai numfashi ba ya shiga ciniki da sauran shida. Karen da ke miƙa wuya yana numfashi da ciki, ya kasa kwanciya, dasashinsa ya yi fari ko shuɗi, yana cikin azaba ko da ya ci abinci da safe.

Shi ya sa ake zama da likita tun kare yana da ƙarfi, a yanke wace alama ce za ta zama iyaka, a san wa za a kira da dare ko ranar hutu, a ajiye maganin ciwo mai ƙarfi na gaggawa a gida, a kuma shirya yadda za a ɗauki mai kilo 40 zuwa mota in ya kasa tashi: bargo mai kauri da mutum biyu. In lokacin kawo ƙarshen rayuwarsa ya yi, likita yakan fara da allurar kwantar da hankali har kare ya yi barci, sannan ya sa ta biyu ta jijiya, zuciya ta tsaya cikin minti ɗaya ko biyu. Ido yakan kasance a buɗe, jiki yana iya yin ajiyar numfashi sau ɗaya ko ya saki fitsari bayan an gama, kuma gara a faɗa wa duk wanda zai tsaya a wurin tun kafin a fara.